Zaɓen Manhajar Nazarin Maziyarta: A Fara Duba Ma'ajiyar Sunaye

Duk manhajar da ke karanta rajistar uwar garke, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet, tana samun maziyarta ne da lambobin IP, wato adireshin na'urorinsu a intanet, kuma idan ana so ta nuna sunan kamfanin sadarwar da kowa ya fito, sai ta tambayi DNS, tsarin da ke haɗa lambobin da sunaye, lamba bayan lamba. Da yake tambayar tana cin lokaci, manhajar takan adana amsoshin a wani fayil don kada ta maimaita. Wannan fayil shi ne abin da nake fara dubawa kafin kyawun zane ko farashi, domin na taɓa yin asarar rahoton wata guda lokacin da aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta shi, a wata manhajar kuɗi da ta haɗa ma'ajiyar sunaye da ƙididdiga a rumbu ɗaya.

AWStats, wadda Laurent Destailleur ya rubuta da harshen Perl, ita ce zaɓina, kuma dalilin bai wuce yadda ta raba kayanta ba. Tana da fayil na dindindin mai suna dnscache.txt wanda mai shafi ke cikawa da hannunsa, da wani mai suna dnscachelastupdate wanda ita ke sabuntawa, kuma dukansu rubutu ne zalla da kowane editan rubutu zai buɗe. Idan na biyun ya lalace, sai a tsayar da aikin sabuntawa, a kwafe fayil ɗin gefe, a goge layin da ya gutsure ko a share shi ɗungurungum, sannan a sake tayar da manhajar. Ƙididdigar kowane wata tana zaune a nata fayil daban, saboda haka ba abin da ke salwanta sai lokacin da za a ɓata wajen sake tambayar sunaye. Wanda ke cikin gaggawa yana iya mayar da DNSLookup, saitin tambayar sunaye, zuwa 0 ya fitar da rahoto da lambobi kawai, daga baya ya dawo da shi 1. Gaskiya ne AWStats tana da nawa a kan manyan rajistoci, amma nawar da na san dalilinta ba ta hana ni barci.

Webalizer, wadda ta fito a 1997, tana da sauri, sai dai tana ajiye sunayen a rumbun Berkeley DB da ido ba ya karantawa, kuma sai da ƙaramar manhaja irin wcmgr ake leƙa cikinsa. Analog ma rubutu zalla take amfani da shi, amma marubucinta na asali ya tsaya a siga ta 6.0 tun 2004. GoAccess ta dace da mai son ganin abin da ke faruwa nan take.

Inda ya kamata mai saye ya buɗe ido sosai shi ne wajen masu cin kasuwa da ruɗanin mutane. Akwai shafukan da ke tallar kayan gyaran DNS na kuɗi, alhali abin da suke yi bai wuce umarnin ipconfig /flushdns ba, wanda kyauta ne a Windows, kuma ma'ajiyar kwamfutar yake wankewa, ba ya taɓa ta manhajar nazari ko kaɗan. Akwai masu sayar da kwafin manhajojin kuɗi da aka fasa makullinsu, kuma wanda ya ɗora irin wannan a uwar garkensa ya miƙa rajistar maziyartansa ga wanda bai sani ba. Haka nan duk ma'aikacin da ya ce sai an sake gina rumbun ƙididdiga gaba ɗaya, a nemi ya fara gwada share fayil ɗin sunaye a gaban mai shafi kafin a yi maganar kuɗi, kuma kada a yarda ya goge rajistar asali, domin daga ita kaɗai ake iya sake lissafi.

Su kansu sunayen da ke cikin ma'ajiyar ba duka ne na gaskiya ba, domin mai riƙe da lambar IP shi ke rubuta sunan da za ta amsa da shi, kuma yana iya sa ta ce ita ta googlebot.com ce. Ana gane na jabu ne idan aka sake tambayar DNS lambar wannan sunan, aka ga ba ta yi daidai da ta farko ba.