Lam, roba ko balan-balan: abin da za ka sa wa bayan Hilux kafin ka ɗaura mata tirela

Tun da kakar masara ta kama, mutum uku suka tare ni a bakin gareji nan Garwa da tambaya iri ɗaya: me na yi wa bayan motata da ba ta durƙusawa? Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, kuma aikinta jan injin casar masara a kan ƙaramar tirela zuwa ƙauyukan Ngong da Lagdo, bodi kuma ɗauke da jarkokin gas, da buhunan banza, da yara biyu masu aiki. Amsar gajera ce, na sauya lam gaba ɗaya. Amma kafin in kai ga haka sai da na biya kuɗin makaranta har sau biyu, shi ya sa zan bi zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya. Lam dai shi ne abin da 'yan'uwanmu na Yola da Kano ke kira sifirin, wato ganyayen ƙarfen nan da aka jera a kan pon na baya, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu.

Kafin ka taɓa aljihu, ɗauki mita. Auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen bodi mota tana fanko, ka sake aunawa da kayan da ka saba ɗauka, sannan ka ɗaura tirela ka auna na uku. Leƙa ƙarƙashi kuma ka ga ratar da ta rage tsakanin pon da robar nan da ke hana shi dukan shasi. In robar ta yi sheƙi kamar an goge ta da mai, motarka ta daɗe tana tafiya a kanta. Lissafin da mutane ba sa yi shi ne na hancin tirela. Ana so ya danna ƙugiya da kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar, to amma ƙugiyar tana can bayan pon da mita ɗaya da wani abu, tsakanin tayoyin gaba da na baya kuma mita 3 ne da ɗoriya. Don haka kilo 200 a kan ƙugiya yakan zama kusan 280 a kan pon na baya, ya kuma ɗage wa gaba kamar 80. Abin da ke sa sitiyari ya yi sakwaf, fitila ta koma haska saman bishiya ke nan.

Zaɓin da kowa ke fara kawowa shi ne ƙarin ganye ɗaya ko biyu a cikin tsohon lam. Yana da araha, kowane gareji a Marwa ko Kusiri zai yi maka shi kafin la'asar, kuma in ganyen sabo ne da aka ƙera don wannan motar, lam ɗinka kuma bai gaji ba, babu laifi. Matsalar ita ce kusan ba haka ake yi ba. Abin da aka yi mini shi ne aka yanko ganye daga lam ɗin wata babbar mota, ya fi nawa kauri nesa ba kusa ba, aka huda tsakiyarsa da wutar walda, aka gasa sauran aka daddoke su a kan maƙera don su sake lanƙwasa. Ranar motar ta miƙe kamar amarya. Mai garejin har da buga bodi yana cewa, "Patoron, wannan ko tan biyu ka aza mata ba za ta ce uffan ba." Wata biyu ba su cika ba, a kan burjin da ke shiga Poli, ina jaye da inji, na ji ƙara kamar an harba bindiga. Uwar lam, wato dogon ganyen da ke riƙe da shasi, ta karye daidai inda gajeren ganyen mai kauri ya ƙare, ƙusar tsakiya ta tsinke, pon ya zame baya ta gefe ɗaya har taya ta fara cin bodi. Da sarƙa da guntun icce muka ɗaure shi, muka rarrafo bakin kwalta bayan isha'i. Mai masarar da ke jirana bai sake kirana ba har yau.

Dalilin ba asiri ba ne. Ƙarfen lam ana dafa shi ne a masana'anta, a sanyaya shi da ƙa'ida, ƙarfinsa na komawa yadda yake daga nan ya fito. Da zarar an sa masa wuta a gareji wannan dahuwar ta lalace, ko ya yi laushi ya sake kwantawa, ko ya yi gautsi ya karye. Ganye mai kauri a tsakiyar sirara kuma ba ya lanƙwasa tare da 'yan'uwansa, sai duk wahalar ta taru a bakinsa. Walda a jikin lam kuwa, kada ma ka saurari mai faɗa.

Tubalin ƙarfe da ake sawa tsakanin pon da lam yana ɗaga mota ne kawai, ko kilo ɗaya bai ƙara mata ba, yana kuma sa pon ya riƙa murɗawa in ka taka wuta a cikin yashi. Dogon kunnen lam shi ma kwalliya ce. Balan-balan na iska da ake sawa tsakanin pon da shasi, irin su Firestone da Air Lift, kaya ne masu kyau ga mai tafiyar kwalta, domin kana ƙara iska in ka yi lodi ka rage in ka sauke. Ni dai ba zan kai su dajin ƙaya da tsakuwa ba, kuma suna tura nauyi ga wuri ɗaya a jikin shasi inda ba a gina shi don haka ba. A Ostireliya, inda suka fi kowa jan tirela a daji da irin motocinmu, an sha ganin mota mai ƙofa huɗu ta lanƙwashe a bayan kabin saboda lodi ya yi baya da yawa, an kuma cika balan-balan tam. Robar taimako irin ta Timbren, wadda ke maye gurbin robar shasi, ita kam zan iya ba wanda ke lodi jefi-jefi: ba iska, ba tiyo, ba abin fashewa.

Nawa zaɓin shi ne cikakken lam sabo, biyu, wanda aka ƙera don nauyin da motar ke ɗauka kullum. Kamfanonin Ostireliya irin su Old Man Emu na ARB, da Dobinsons, da Ironman 4x4 suna yin su hawa-hawa: na mai tafiya fanko, na mai nauyin dindindin kamar kilo 300, da na mai 500 zuwa 600, yawancinsu kuma suna ɗaga baya da milimita 40 zuwa 50. Abin da ya sa nake son su shi ne ganyayen da yawa ne, sirara, kowanne yana ɗaukar rabonsa, a ƙasa kuma akwai masu kauri da ba sa shiga aiki sai lodi ya danne. Ganye na biyu yana naɗe kan idon uwar lam, ta yadda ko uwar ta karye pon ba zai gudu ba, wato daidai abin da ya kwanar da ni a hanyar Poli. A kan gargada motar tana lanƙwasa maimakon tsalle, in kuma ka gangara cikin mayo, wato rafi, ta gefe, tayar baya tana bin ƙasa ba ta rataye a sama tana juyawa a banza. Sai dai kada zari ya ɗebe ka. Na ɗauki na 300 ne, domin abin da ke kwana a bodina ke nan. Wani abokina ya ce shi sai mafi ƙarfi, ya sa na 600 a motar da rabin rayuwarta fanko take yawo, yanzu ko iyalinsa ba sa yarda su hau ta zuwa kasuwar Pitoa, wai tana kwance musu ƙugu. Mai Land Cruiser 79 da ke bin Mora, Waza da Dabanga zuwa Kusiri da tankin ruwa da tayoyi biyu na ko-ta-kwana, shi ne mai babban lamba. Mai Navara ta zamani wadda bayanta murɗaɗɗen sifirin ne, wannan maganar ba tasa ba ce.

Sabon lam da tsohon amatisa, wato shokazoba, aikin banza ne. Lam yana ɗaukar nauyi, amatisa ke hana shi rawa, kuma a kan gargada man cikinsa yana zafi har ya yi kumfa ya daina riƙewa. Nemi mai kaurin jiki, wanda tsawonsa ya dace da ɗagin da ka yi. Gajere zai tsinke a ido, dogo zai daki ƙarshensa kafin roba ta tare.

To ga inda kuɗin mutane ke halaka. Ko daga Camp Yabassi na Duwala kayan suka taso, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Dubai, na kirki da na bogi mota ɗaya ke kawo su. Karo na biyu da aka cuce ni, lam ne baƙi wul mai sheƙi, da takardar wani babban kamfani manne a jiki. Wani dattijon makanike ne ya karɓa, ya kankare fentin da makulli, ya ce, "Ɗana, zo ka ga shekarunsa." Ƙarƙashin fentin duk ramukan tsatsa ne, kuma a ƙarshen kowane ganye ga gurbin da ya ci a jikin na samansa, abin da sai an yi shekaru ana tafiya yake fitowa. Tun ranar nake zuwa shago da makulli a aljihu. Kankare fenti a wuri biyu. Shafa bayan ganye da yatsa, in ka ji tabon guduma ajiye shi. Dubi hudar tsakiya, ta inji zagayayya ce sumul, ta wuta tana da baki-baki da launin ƙuna. Lambar kaya ta zama a jikin ƙarfen take, ka kuma duba ta a shafin kamfanin da wayarka kana tsaye a wurin, domin takardar mannawa ko a Njamena za a buga maka ɗari. Kifa biyun a ƙasa ka gwada tsayinsu, amma ka sani wasu kamfanonin da gangan suke bambanta na hagu da na dama kaɗan, su sa musu alamar A da B. In babu alama kuma tsayi ya saɓa, daga motoci biyu aka haɗo su.

Amatisa ya fi sauƙin cuta. Ana huda tsoho, a ɗura masa mai, a toshe da dalma, a fesa masa ruwan ɗorawa. Juya shi ka nemi ɗan tudun toshiyar kusa da gindi. Tsayar da shi ka danna har ƙasa: mai gas zai dawo da kansa a hankali, kuma bai kamata ka ji wani wuri da ya tafi fayau babu riƙo ba. Birid ɗin da ke ɗaure lam da pon, sabo za ka saya, ba a maimaita tsoho domin ya riga ya miƙe, kuma ka guji wanda aka lanƙwasa daga rodin gini aka yanka masa zare. Ranar ɗaurawa kada ka aika yaro. Ɗauki kujera ka zauna, domin an sha sayen na gaske a ɗaura na bogi, ka kuma karɓi tsofaffin kayanka ka tafi da su gida, in ba haka ba mako mai zuwa suna shago sanye da sabon fenti.

Duk wannan bai ƙara ko kilo ɗaya a kan PTAC, wato iyakar nauyin mota da kayanta, da ke rubuce a kat giriz ɗinka, takardar rajistar mota, ba. Pon, da birki, da shasi suna nan yadda Toyota ta yi su, tirelar da ta wuce kilo 750 kuma tana bukatar birkinta, wanda ya taɓa saukowa gangaren Gaundare da kaya a baya ya san dalili. Tsofaffin Hilux marasa ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, suna da wani bawul a baya mai sanda zuwa pon, shi ke ƙara wa tayoyin baya birki gwargwadon yadda mota ta zauna. In ka ɗaga baya ba a gyara sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka motar fanko ce ko da buhu goma ne a ciki. Sa a daidaita shi, a duba tiyon birki bai ɗame ba in taya ta sauka, a ɗaure kusoshin ido bayan an sauke mota ƙasa ba tana kan jak ba. Bayan kilomita 500 ka koma a sake matse birid. Nawa da na koma, kowane noti sai da ya ƙara kusan rabin juyi.