Hablar da comer: wanne ya fi sauƙi a shuɗaɗɗen lokaci?

A Sifaniyanci, aikatau masu bin ƙa'ida gida biyu suke rabuwa idan za a ba da labarin abin da ya wuce. Masu ƙarewa da -ar, irin su hablar, wato yin magana, suna tafiya haka, daga ni, kai, shi zuwa mu, ku, su: hablé, hablaste, habló, hablamos, hablasteis, hablaron. Masu -er da -ir kuwa tukunya ɗaya suke ci. Ga comer, wato cin abinci: comí, comiste, comió, comimos, comisteis, comieron, kuma vivir, wato yin rayuwa, shi ma haka yake bi.

Ni a ganina gidan -ar ya fi tarko. Dubi hablo da habló. Na farko "ina magana", na biyu "ya yi magana". Ɗan karan da ke saman o ne kaɗai ya raba su, kamar yadda karin sauti ke canza ma'anar kalma a Hausa. Sannan hablamos na iya zama "muna magana" ko "mun yi magana", sai an ji ayer, wato jiya, kafin a gane. Comer bai da wannan ruɗani, comemos daban, comimos daban. Vivir dai ya faɗa ramin, vivimos ɗaya ne.

Hablasteis da comisteis, wato "kun yi magana" da "kun ci", a Sifen ake jin su. Mutumin Meziko hablaron da comieron zai ce maka.