Harsashin .223 Remington a farautar kayoti a Wyoming

Masu kiwon tumaki a jihar Wyoming ta Amurka ba su da babban abokin gaba kamar kayoti, wato dilan ƙasar nan. Ya ɗan fi dilanmu na gida girma, kuma lokacin haihuwar tumaki a bazara shi ne lokacin cin kasuwarsa. Dokar jihar ta sa shi cikin dabbobi masu ɓarna, ba a neman lasisin farauta kafin a harbe shi, amma dole mutum ya nemi izinin mai fili. Ta haka na shiga wannan harka, ina taya wani maƙwabcina mai garke tsaro. Na harba harsasai iri huɗu a wannan aiki, kuma wanda na tsaya a kansa shi ne .223 Remington.

Bari in fara da wanda ba na so a ɗauka don kayoti, wato .17 HMR da kamfanin Hornady ya fitar a 2002. Harsashi ne mai daɗin harbi, ba ƙara sosai, ba naushi a kafaɗa, kuma yana zuwa daidai inda aka saita shi. Ga kuregen fili, wanda ke haƙa ramuka a makiyaya, ya yi kyau ƙwarai in ba a wuce mita 100 da ɗan wani abu ba. Sai dai ƙwayarsa ba ta fi giram 1.3 ba. Kayoti kuwa dabba ce mai taurin rai, ga gashin hunturu mai kauri. Na ga wanda aka sama da wannan harsashi a kafaɗa, ƙwayar ta tarwatse a kan ƙashi, ya juya yana cizon wurin, ya shige cikin ciyayi da ƙafa uku. Jinin da muka bi a kan dusar ƙanƙara ɗigo-ɗigo ne, har ya ɓace mana. Wannan abu ya tsaya mini a rai. Manzon Allah (SAW) ya ce in za a kashe, a kyautata kisan, kuma dabbar da ta yi ɓarna ba ta fita daga wannan umarni ba. Duk harsashin da zai bar ta ta tafi da rauni ta mutu a hankali, ni na cire shi daga lissafi, komai arharsa.

Shi kuwa .223 ƙwayarsa da aka fi sayarwa tana da nauyin kusan giram 3.6, tana fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 990 a daƙiƙa. Kamfanin Remington ya shigo da shi kasuwa a farkon shekarun 1960, kuma ɗan uwa ne ga harsashin soja na 5.56. Wannan dangantaka ce ta sa ake samunsa a kowane shagon kayan farauta, har a ƙananan garuruwa, da farashin da mutum zai iya sayen isasshe ya yi atisaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maharbin da ya saba da kunamar bindigarsa ya fi wanda ke ajiye harsashi mai tsada yana tsoron ƙona shi. Naushinsa kaɗan ne, har ina iya ganin inda ƙwayar ta sauka ta cikin madubin hange ba tare da bindigar ta yi tsalle ba. Idan an kira kayoti da usur mai kwaikwayon kukan zomo, yawanci yakan iso kusa, ƙasa da mita 200, ya tsaya ya ɗaga hanci yana shinshinar iska. A wannan tazara, harbi ɗaya bayan kafaɗa ya isa, nan take yake zubewa.

Inda ya gaza shi ne nesa da iska. Wyoming ƙasa ce ta iska, ba ta hutawa, kuma in an wuce mita 300 ƙwayar .223 takan fara faɗuwa sosai, iska ta ture ta gefe. A nan ne .22-250 ke nuna kansa. Tun 1937 maharba ke haɗa shi da hannu kafin Remington ya karɓe shi a 1965. Ƙwaya iri ɗaya ce da ta .223, amma kwansonsa ya fi girma, albarushi ya fi yawa, gudun ya kai kusan mita 1,120 a daƙiƙa. Maƙwabcina shi yake riƙewa, kuma na ga ya kayar da kayoti a tazarar da ni ba zan ko ɗaga bindiga ba. Amma kowane gauta da ɗacinsa: ƙararsa tana kashe kunne, yana cin cikin bututun bindiga da wuri saboda zafi, kuma a kusa yakan yaga fata har ba ta sayuwa. Ga mai tara fatun hunturu, wannan asara ce.

Na kuma taɓa .204 Ruger na shekarar 2004. Gudunsa ya zarce na duka, kusan mita 1,290 a daƙiƙa da ƙaramar ƙwayarsa, kuma ga kurege babu kamarsa. Samunsa a shagunan ƙauye ne wahala.

Mai sayen .223 ya duba murɗin da ke cikin bututun bindigar, wato zanen da ke sa ƙwaya juyawa, kafin ya biya kuɗi. Tsofaffin bindigogi suna da zagaye ɗaya a inci 12, ba sa riƙe doguwar ƙwaya mai nauyi. Tawa zagaye ɗaya ce a inci 9, tana karɓar mai nauyi, wadda ta fi jure iska. Kada kuma a yi farauta da harsashin atisaye mai cikakkiyar rigar ƙarfe, domin ratsa dabba yake yi ya wuce ba tare da ya buɗe ba, ga shi yana iya tsalle daga dutse ya nufi garke. A nemi mai bakin roba ko mai taushin baki. Wanda ke Kalifoniya kuma ya sani tun Yulin 2019 an hana farauta da harsashin dalma a can, sai wanda ba dalma a cikinsa, kamar na tagulla.