Telar da ta hana ni sa wa jaririyata leshi ranar Kirsimeti

Tun ina da ciki wata bakwai na ajiye hoton rigar a wayata. Farin leshi ne mai baza, an jera duwatsu a wuya, ga ɗamara mai ƙulli a baya. Na ce in Allah ya sauke ni lafiya, kuma aka samu mace, wannan za ta sa ranar Kirsimetinta ta farko. Na haihu tsakiyar Satumba, na yi wankan jego a gaban Mama, na sha kunun kanwa na kwana arba'in, na koma ɗakina a Wusasa, Zariya, cikin Nuwamba. Duk tsawon kwanakin nan rigar tana raina. In na tashi shayarwa da tsakar dare, na kan buɗe hoton in duba.

Wata uwa a zumuntar mata ce ta yi mini kwatancen telar. Ta ce akwai wata Hajiya a Tudun Wada da ta shekara fiye da ashirin tana ɗinkin mata da na yara, da Sallah layi, da Kirsimeti layi, kuma ita ta ɗinka wa jikokinta duka. Ranar 2 ga Disamba na goya yarinya, na biya kasuwar Sabon Gari na sayi atamfa turmi biyu iri ɗaya, kore mai ratsin ruwan goro, Naira 14,000 kowanne, don mu yi anko mu uku da babanta. Na ƙara da leshi yadi ɗaya da rabi da ƙullin duwatsu. Daga nan na hau a-daidaita-sahu zuwa shagon.

Shagon ɗaki ɗaya ne a jikin gida, ƙofarsa na kallon lungu. Kekunan ɗinki huɗu ne a ciki, uku na ƙafa ɗaya na wuta, da 'yan mata uku masu koyo. Ledojin kayan mutane an tara su har kusa da rufi, kowace an manna mata takarda da suna. Benci ɗaya ne tak na baƙi, shi ma an ɗora masa kaya. Wannan shi ne abu na farko da ban ji daɗinsa ba: mace mai goyo ba ta da wurin zama, balle wurin da za ta ɗan juya ta ba da nono. A tsaye na yi kusan minti ashirin kafin aka zo kaina.

Da na nuna mata hoton, Hajiya ba ta ce komai ba. Ta ce in sauke yarinyar, ta karɓe ta, ta duba wuyanta da hammatarta da bayan gwiwarta. Sai ta warware leshin da na kawo, ta juya bayansa, ta ce, "Maijego, miƙo hannunki." Ta goga mini shi a cikin damtse sau uku. Wurin ya yi ja-ja-ja yana ƙaiƙayi. Ta ce, "To ke kenan, babba. Wannan fa wata uku gare ta, ga hunturu ya shigo, fatarta ko da man kaɗe sai an yi ta bi. Ki sa mata wannan tun safe har la'asar, wa zai ji kukan?" Duwatsun kuwa ta mayar mini da su cikin jakata da hannunta. Ta ce yarinya ta fara kai hannu baki, komai ƙarfin gam ɗin da aka manna dutse da shi watarana sai ya ɓalle, ita kuma ba ta sa wa ɗan da bai shekara ba abin da zai iya haɗiya.

Gaskiya raina ya ɓaci. Kuɗina ne, 'yata ce, kuma wata biyar ina kallon rigar nan. Na ce mata ai ina ganin jarirai da irinta a Facebook. Ta ce ta sani, ana sa musu a ɗauki hoto a tuɓe, in hoto nake so ta ɗinka mini, amma in rigar wuni nake so to in bar ta ta yi abin da ta sani. Na tsaya ina shawara da zuciyata, yarinya ta fara mutsu-mutsu, na ce ta yi.

Ga abin da ta yi, kuma a nan ne kuɗina suka fita.

Kafin ta fara yankan rigar, ta yanki yadi ɗaya na atamfar ta ce in kai gida in wanke sau biyu da sabulun da nake wanke kayan jaririyar, in shanya in dawo da shi. Sabuwar atamfa tana da sitaci da kauri, wata kuma tana zuba, kuma in ba a wanke ba kafin ɗinki sai ta tsuke bayan wankin farko. Ban taɓa jin tela ya ce haka ba. Rigar da ta fitar 'yar doguwa ce mai dogon hannu, an yi mata shafi da farin yadin auduga mai laushi tun daga wuya har ƙasa, yadda atamfar ba ta taɓa fata ko kaɗan. Duk haɗin ɗinkin ta tura shi tsakanin shafin da atamfar, in ka juya rigar ba ka ganin bakin zare ko ɗaya. Babu zif. A kafaɗa ta sa maɓallan nan da ake dannawa su kama, guda uku, don kada a matse kai wajen sawa. A baya babu ƙulli babu maɓalli, saboda jariri a kan bayansa yake kwanciya, kuma in an goya shi zani yana danna duk wani tudu cikin jikinsa. Ta bar wa rigar ɗan fili yadda shimi mai kauri zai shiga a ƙarƙashi, ta haɗa da hula mai rufe kunne, ita ma da shafi.

Wandon ne ya fi burge ni. Tana awo ta tambaye ni yaushe za a yi mata allurar rigakafi ta gaba. Na lissafa: ta sati 6 an yi, ta sati 10 an yi, ta sati 14 za ta faɗo kwana biyar ko shida kafin Kirsimeti. Ta ce to cinya za ta yi tsami, wataƙila ma ta ɗan kumbura. Sai ta yi wandon da faɗi, ba ta sa roba a ƙafa ba, a ƙugu kuma ta sa mai taushi wadda ba ta barin shaida. Ta buɗe tsakanin ƙafafun da irin maɓallan nan, yadda zan canza famfas ba sai na tuɓe ta cikin sanyi ba. Haka kuwa aka yi. Aka yi allurar, ta kwana biyu da ɗan zazzaɓi, cinyar ko taɓawa aka yi sai ta zabura. Ranar Kirsimeti ta warware, amma da wando mai matsewa ne da ban iya sa mata ba.

Ni kuma ta ɗinka mini riga da zani da ɗankwali. Rigar ta yi mata ninki a ƙirji kamar ado, a ƙarƙashinsa akwai buɗi hagu da dama. Ta ce, "Ke da za ki zauna cikin taro, ba kya ɗaga riga a gaban surukai ba." Wannan maganar ta shige ni, don ita ce damuwar da ban faɗa wa kowa ba. A gidanmu har yau ana kunyar ɗan fari. Mama ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, kuma ya haura arba'in. Ni ma sunan yarinyar nan ba ya fita a bakina a gaban manya, ga shi kuma sunan surukata aka mayar mata. Tun da Disamba ta kama nake tunanin yadda zan yi in ta fashe da kuka a tsakiyar sujada, dangin babanta duk suna zaune.

Sai maganar alkawari, inda Hajiya ta gaza.

Ta ce in zo ranar 18. Na biya kafin alƙalami Naira 10,000 cikin 19,000 da muka yi ciniki: nawa 9,000, na yarinya 5,000, rigar maigida 5,000. Ranar 18 na je, nawa kaɗai aka yanka. Aka ce 21. Ranar 21 yarinya na fama da zazzaɓin allura, na kira waya sau biyar ba a ɗauka ba, babu kuma wanda ya kira ya ba ni haƙuri. Ranar 23 maigida ya biya ta can, aka ce gobe da safe. Sai ranar jajibere bayan magariba kayan suka zo hannuna, ni ina tsakiyar suyar cincin da kaji. Na san Disamba wata ne na matsi ga kowane tela, na ga tarin ledojin da idona, na kuma san yadda ɗauke wuta ke tsayar da aiki. Amma ta san yawan kayan da ta karɓa ranar da ta ce mini 18. Da ta ce 24 tun farko, da ban goya jaririya na shiga ƙurar hunturu zuwa Tudun Wada a banza ba, da kuma ban kwana huɗu da fargabar ko 'yata za ta wayi gari ba sabon kaya ba. Rigar maigida ma an yi ta cikin gaggawa, hannun dama ya fi na hagu tsawo da kusan inci ɗaya, sai naɗe su ya yi. A gefen ɗankwalina kuma akwai ɗan baƙin tabo na dutsen guga na gawayi, na ɓoye shi cikin ɗauri. A ganina ɗinkin maza ba fanninta ba ne, kuma bai kamata ta karɓa ba.

Safiyar Kirsimeti hazo ya sauko sosai, Dutsen Kufena ma da ƙyar ake hango shi. Na yi mata wanka da ruwan ɗumi a cikin ɗaki, na mulke ta da man kaɗe, na sa mata shimi da safa, sannan rigar. Ko uffan ba ta yi ba. Wanda ya taɓa sa wa jariri sabon kaya ya san abin da nake nufi. Na tsaya ina kallonta a kan gado, kore ya hau baƙar fatarta, hular ta rufe kunnuwa, tana ta harba ƙafa. Babu kowa a ɗakin sai ni da ita, na kira sunanta a hankali na ce mata barka da Kirsimeti. Hawaye suka zubo mini.

Sujadar ta ɗauki kusan awa uku. Tun shigarmu surukata ta karɓe ta, daga nan ta yi ta yawo hannu zuwa hannu cikin matan zumunta, kowa na cewa a ba ta uwar maigida ta gani. Da aka zo karatun Luka sura 2, wurin da Maryamu ta haifi ɗan farinta ta naɗe shi da zane ta kwantar da shi a komin dabbobi, na ji shi daban da yadda na saba ji tun ina ƙarama. A da hankalina kan mala'iku da makiyaya yake. Bana zanen na tsaya a kai: wane iri ne, yana da laushi, ya ishe shi sanyi? Ana cikin waƙar baiko ta fara kuka. Surukata ta miƙo mini ita ba tare da ta dube ni ba, na lulluɓa gyale, na buɗe ninkin nan, ta kama. Matar da ke kusa da ni ma ba ta lura ba sai da ta ji ƙarar haɗiya. Sau ɗaya na fita canza mata famfas, a kan cinyata na yi, minti biyu, ƙirjinta da bayanta a rufe.

Bayan an tashi muka tsaya hoto a gaban tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, ginin ƙasar nan na 1929 da kakannin babanta suka yi sujada a ciki. Hoton bai da ƙyalli irin na wanda na ajiye a waya. Tana barci a ciki, kanta a kafaɗar kakarta. Daga nan aka shiga zagayen gaisuwa, gida biyar muka shiga, ana ta cusa mata 'yan kuɗi a hannu. Sai bayan isha'i na tuɓe mata rigar. Na haska wuyanta da hammatarta da ƙugunta da fitilar waya, babu ja, babu ƙurji, babu shaidar roba. Ƙanwar maigida kuwa ta sa wa nata ɗan wata biyar kwat da wando na kanti, tun kafin a fara wa'azi ta tuɓe masa ya koma cikin rigar sanyi.

Ga uwa mai jariri ɗan ƙasa da shekara, ina ba da shawarar shagon nan ba tare da shakka ba, amma da sharaɗi. Ki kai kayanki tun farkon Nuwamba, ki faɗi ranar da ta riga ranar bikinki da sati biyu, kada ki dogara da waya, kuma ki kai na maigida wani wuri. Kuɗin ɗinkin yarinya ya fi na sauran teloli da na tambaya da kusan dubu biyu, shafin da maɓallan sun cinye wannan bambancin. In kuma rigar baza da duwatsu kike so ko ta halin ƙaƙa, za ku yi gardama da ita.

Washegarin Kirsimeti na aika wa Hajiya da shinkafa da cincin da kaza ɗaya, wadda muka kai wa maƙwabcinmu ya yanka kamar yadda muka saba kowace shekara. Ta kira ni da kanta, karo na farko, ta yi godiya ta ba ni haƙurin jinkirin. Ta kuma ce in duba ƙasan rigar da hannayenta, ta ninke inci biyu-biyu a ciki, in yarinya ta ƙara tsawo in kawo ta sake mata kyauta. Na duba, suna nan. Leshin yana ƙasan akwati a ledarsa, ta ce in ajiye shi sai yarinyar ta fara tafiya.