Akwatin kallo mai Linux: kafin ka biya, tambayi wa ya biya lasisin bidiyo

Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ne, amma fasahar da ake matse bidiyo da ita don rage girman fayil, wato kodek, tana da masu ita. Yawancin fina-finan da ake turawa a waya da katin memori an matse su ne da kodek ɗin H.264, sabbin masu hoto mai tsananin kyau na 4K kuwa da HEVC. Duk na'urar da za ta buɗe su a hukumance, sai wani ya biya kuɗin lasisi. Na H.264 yana hannun kamfanin Via LA, magajin MPEG LA tun 2023: na'ura 100,000 na farko a shekara babu caji, daga nan senti 20 na dalar Amurka kan kowace ɗaya. HEVC ya fi rikitarwa, domin masu haƙƙinsa sun rarrabu, ba ƙofa ɗaya ake biya ba. Shi ya sa wasu masana'antu ke kashe HEVC a na'urarsu ba tare da sun yi shela ba.

Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, shi ne ya fi fito da lamarin fili. A tsofaffin samfuransa, mai son kallon bidiyon da aka matse da kodek ɗin MPEG-2 sai ya sayi lambar buɗewa a kan fam 2.40 na Birtaniya, ta kodek ɗin VC-1 kuma fam 1.20. Pi 4 na 2019 yana da sashe na musamman mai buɗe H.264 har 1080p da HEVC har 4K. Pi 5 na 2023 ya fi shi ƙarfi, amma an cire masa sashen H.264, sai babbar ƙwaƙwalwarsa, wato firosesa, ce ke ɗaukar nauyin. Tana iyawa, sai dai da ƙarin zafi da shan wuta. Idan fina-finanka na cikin fayil ne kuma da sola ko batir kake kallo, ni Pi 4 zan ɗauka, in ɗora masa LibreELEC, wani nau'in Linux na kallo, da Kodi, manhajar kunna fina-finai. Sabo ba kullum ne ya fi dacewa ba.

Sai ƙaramar kwamfuta mai firosesar Intel N100. Wannan tana buɗe H.264 da HEVC, har da AV1, wanda ƙungiyar Alliance for Open Media ta fitar a 2018 ba tare da neman kuɗin lasisi ba, kuma YouTube na amfani da shi. A nan matsalar ba ta ƙarfe ba ce, ta manhaja ce. Fedora, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ba ya zuwa da HEVC saboda tsoron shari'a a Amurka; H.264 ma ta hanyar manhajar OpenH264 yake samunsa, wadda kamfanin Cisco ke biya wa lasisi tun 2013 muddin daga wajensa aka sauke. Sauran sai ka je RPM Fusion, wani rumbun manhajoji na daban, da kanka. Ubuntu da Linux Mint, su ma nau'o'in Linux, sun fi sauƙi, domin tun wajen girkawa suke tambayarka ko kana son waɗannan kodek ɗin.

Sautin MP3 kam kada ya dame ka. An daina karɓar kuɗin lasisin MP3 tun 2017.

Inda mutane suka fi yin asarar kuɗinsu shi ne Netflix da makamantansa. Ban da kodek, akwai makullin Widevine na Google, mai hana kwafar fim, wanda matakinsa na L1 ya fi na L3 tsaro. Burawuza a kan Linux matakin L3 kawai take samu, don haka komai ƙarfin injinka ba za a ba ka 4K ba. Cikakken hoto sai na'ura mai L1 wadda Netflix ya amince da ita, irin su Nvidia Shield. Akwatunan Android marasa suna da ke cika kasuwa da rubutun 4K ko 8K a kwali, galibinsu L3 ne. Abin yana ba ni takaici, domin mai saye ba shi da hanyar ganewa daga waje. Ka ce wa mai shago ya kunna akwatin, ka sa manhajar DRM Info, ka duba matakin Widevine ɗinsa da idonka kafin ka ƙirga masa kuɗi.