Sharhi kan mota mai gado da muka ɗauka haya lokacin gyaran gida

Motar Toyota Hiace ce, irin mai dogon kan nan, an cire kujerun baya an sa gado, da ƙaramin murhun gas, da tankin ruwa, da farantin sola a saman rufi. Irinta ba ta da yawa a Kano. Wani mai ba da hayar motoci ne ya gyara tasa, ni kuma na neme ta ne saboda gidanmu na Rijiyar Zaki ya daina kwanuwa: yoyon damina ya cinye silin, an yaye kwano, masu tayil sun farfasa daɓen falo, ƙurar siminti har cikin tukunya. Maimakon mu je mu takura wa dangi, na ce wa uwargida tunda yara na hutu, mu fita mu ga ƙasa.

Wutar motar ba ta da makusa. Sola tana cika batir da rana, da dare fanka da fitila su kai mu asuba, ga cajin waya, babu ƙarar janareta. Katifar ma mai kyau ce, yara kuma muka shimfiɗa musu a ƙasa.

Mun bi ta Wudil, Birnin Kudu da Ningi muka shiga Bauchi, daga nan muka kama hanyar Gombe, muka karya a Dindima zuwa Yankari. Ruwan Wikki, mai ɗumin da ba ya sauka daga wajen digiri 31, shi ne wanka mafi daɗi da muka yi a tafiyar. Sai dai duk mai zuwa ya rufe tagoginsa, domin manyan biran wurin ba sa jin tsoron mutum. Ina kallo wani ya zura hannu ya fizge ledar burodi, ya koma gefe yana yaga ta a natse.

Babbar matsalar motar ita ce rashin banɗaki. Namiji zai lallaɓa a gidan mai ko masallaci, amma ga mace da ƙananan yara wannan wahala ce ta gaske, kuma bai kamata a ba iyali irin wannan mota haya ba tare da an yi tanadinsa ba. Shi ya sa kullum muke neman harabar masauki mai maigadi, mu biya ɗan abin da ya samu mu kwana a ciki, wanda dama tsaro ma ya wajabta. Tagogi babu ragar sauro. Durowar kwanuka babu sakata, kowane rami sai ta buɗe cokula su watse. Mai kuwa, tun cire tallafi a 2023 kowa ya san halin da ake ciki, ga nauyin tanki da gado ya ƙara mata sha.

Shi kuma gyaran gida ba ya barin mutum ya yi nisa. Ƙanena na bari yana duba aiki, yana nuna min ta bidiyon WhatsApp, amma cikin daji sabis yakan ɗauke. Da muka fito sai ga kiran magini: "Alhaji, siminti ya ƙare, kuma kafinta ya ce katakon rufi bai isa ba." Dole muka juyo.

A nan ne motar ta fi yi min amfani. Uwargida da yara suka sauka gidan Hajiyarmu, ni na faka a ƙofar gida ina kwana a ciki. Da safe in je Ƙofar Ruwa sayen kaya, in dawo in ƙirga buhunan da aka buɗe da idona, da dare kuma babu mai taɓa kwano ko rodi.

Na faɗa wa mai motar ya sa ragar sauro, sakata da ɗan banɗakin ɗauka. Idan ya yi, zan sake ɗaukarta a Disamba ko Janairu, lokacin sanyi. A zafin Maris da Afrilu kuwa ba zan sa yarana kwana cikin ƙarfen nan ba.