GARGAƊI: Wani mai "gyaran jita" ya cinye min dubu 67

Kwana uku ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma takaicin ya fi ƙarfin kunyar. Naira 67,000 wani macuci ya ci min a kan jita. Dubu 67. Kuɗin da nake tarawa tun bayan ƙaramar sallah daga ɗan abin da nake samu a shagon cajin waya.

A Facebook na ga tallarsa. Ya ce Yamaha ce 'yar gwanjo, wuyanta ne kawai ya ɗan tsage, zai bar min ita a 35,000, gyara kuma 20,000. Kada wani ya zo yana ce min garaje na yi. Ban tura ko sisi ba sai da na je na gan shi ido da ido a wata rumfa a Sabon Gari, nan Kano. Na riƙe jitar da hannuna, na leƙa raminta, na ga takardar suna manne a ciki. Ya sauko da wata da ke rataye ya kaɗa, wallahi hannunsa ya faɗa. Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ni ma da karyayya na fara koyo, ba zan cuce ka ba." Wannan maganar ce ta kashe min jiki. Har yanzu in na kwanta sai in ji ta a kunnena. Ƙanena. Wa zai ga mutum da rumfa, ga kayan aiki, ga iya kiɗa, ya ce ɓarawo ne?

Ranar da na karɓo ta sai sheƙi take yi. A'a, kafin nan ma, da sati ɗaya ko biyu, ya kira ni da daddare wai sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ta lanƙwashe, sai an ƙara 12,000 har da sabbin tsirkiyoyi. Na tura. Wato 35 da 20 da 12. Ita 12 ɗin nan ta fi ci min rai, za ku ji dalili.

Kwana uku da kawo ta gida, ina ɗaure tsirkiya a hankali, sai na ji ƙas! Katakon da ke riƙe da tsirkiyoyin a ƙasa ya ɓalle har da fatar jikin jitar, wuyan kuma ya sake buɗewa daidai inda ya tsage.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran kayan kiɗan coci. Ya haska ciki da fitilar waya, ya girgiza kai. Ya ce, "Yaro, wannan ai ta tsirkiyar roba ce, wa ya sa mata ta ƙarfe?" Ashe tsirkiyar ƙarfe shida jan da suke yi ya kai kusan kilo 70, irin wannan jitar ba za ta ɗauka ba. Ya sa farce ya ɗago takardar sunan: hoto ne aka buga aka manna. Tsagewar kuwa supa gulu da garin katako macucin ya cusa, ya shafe da man takalmi, maimakon gam ɗin katako a matse ta ta kwana. Sandar ƙarfen fa? Babu ita. Wannan jitar ba ta taɓa samun sanda a wuyanta ba. Na biya 12,000 an miƙe abin da babu shi!

Na koma rumfar, ashe ba tasa ba ce, zama kawai yake zuwa yi. Lambarsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp. Ina da hoton hirarmu duka, da shaidar tura kuɗi sau uku, da muryarsa yana rantsuwa. Zan ɗora su da yamma in an kawo wuta.

In za ka sayi karyayyar jita, tafi da wanda ya san ta, kuma kar ka biya kuɗin gyara sai ka ga aiki.

Jitar tana nan bayan ƙofa na lulluɓe ta da zane. Umma ta tambaye ni nawa na saya, na ce mata 15,000, a hakan ma sai da ta yi salati.